Farin Rubutu a Kan Farin Shafi

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan mujalla. Bari in fara da abin da rabin unguwarmu ta Gataa El Oued a Tamanrasset ta riga ta sani, kada wani ya riga ni faɗa: ni wawa ne. Ba irin wawan da ake jin tausayinsa ba, irin wanda ke tafiya yana ganin duk garin babu mai wayonsa. Gemuna ya yi fari yanzu, haƙoran gaba sun yi sallama da ni, amma in na tuna abin da zan ba ku labari sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Da hannuna na yi rubutun nan, a hankali, don zaman da na yi a lekkol, wato makarantar boko, bai kai tsawon da malamin zai riƙe sunana ba. Inda na karya harshe ka gyara mini. Labarin kuwa ka bar shi yadda yake, ko da bai yi mini kyau ba.

Ni mutumin Damagaram ne. Kafin in kama hanyar arewa ɗan kamasho ne ni a tasha, kuma a can na yi karatun da ya zauna mini a kai. In mota ta tsaya wayam babu fasinja, sai mu tattaro ƴan zaman kashe wando mu zaunar da su ciki, kowa da ƙullin tsumma a cinya kamar mai tafiya, ni kuma in tsaya bakin ƙofa ina ihu saura mutum ɗaya. Matafiyin gaskiya ya leƙo, ya ga mota ta kusa cika, ya shiga. Can sai ɗaya daga cikin na bogi ya sulale kamar zai je kama ruwa, ba ya dawowa. Ba mu taɓa kiran wannan ƙarya ba, dabara muke ce mata, kuma wanda ya fi iya ta shi ake girmamawa. Da na tsallake iyaka na iso Tamanrasset na yi shekaru ina ɗaukar bulo da kwaɓa siminti kamar kowane ɗan Nijar, har bayana ya ce ya gaji. Sai na koma dafa wa leburori abinci a gefen gini. A nan wani Buzu mai mota kat-kat, irin mai ratsa rairayi da duwatsu, ya ci shorbata, wato miyar da nake yi, ya leƙa tukunya, ya ce ko zan bi shi daji in riƙa dafa wa turis, baƙi masu yawon buɗe ido.

Wannan mutum ya zama aminina. Mahaifiyarsa daga wajen Agadas take, don haka Hausarsa ta fi Larabcina nisa. Ba ya kirana da sunana, Kuku yake ce mini, ni kuma in ce masa Buzuna, in tsokane shi cewa shekara da shekaru muna tare ban taɓa ganin bakinsa ba saboda rawani, wa ya sani ko ba shi da shi. Shi yake tuƙi, shi ya san hanya, ni nake gasa tagella, burodin Buzaye, a cikin toka da rairayi, in dafa shayi, in ba baƙi dariya da karyayyen Faransancina. Mukan kai su Assekrem su ga fitowar rana a kan duwatsun Hoggar suna rawar sanyi, mu zaga da su wuraren da ruwa ke kwanciya cikin dutse. Duk abin da aminina ya sani na daji, wani dattijo ne ya koya masa, tsohon ɗan jagora da duk direbobin garin ke miƙewa in ya shigo wuri. Shi ya ɗauke shi tun yana saurayi, ya nuna masa rijiyoyi, ya koya masa karanta ƙasa, ya tsaya masa har ya samu takardar jagorar baƙi. Aminina ba ya ambaton sunan dattijon nan sai ya sassauta murya.

A farkon shekarun dubu biyu sai sana'ar ta canza a hannunmu muna kallo. Da, baƙo yakan sauka ya tambayi mai otal wa zai kai shi dutse, ko abokinsa da ya zo bara ya ba shi sunanka. Sai ga shi turis suna sauka daga jirgi riƙe da takarda, sun riga sun zaɓi mai jagoransu tun suna gida, ta intanet. Dattijon yana da shafi, ɗansa da ke aiki a Faransa ya yi masa tun da wuri, motocinsa ba sa hutawa. Mu kuwa mu wanke mota, mu zauna a inuwarta, mu sake wanke ta. Ni na matsa wa aminina lamba mu ma a yi mana. Akwai wani mutumin arewacin ƙasar, tsohon malamin makaranta, da ya buɗe siber kusa da kasuwa, inda ake biya a zauna gaban kwamfuta. Ustaz kowa ke ce masa. Ya yarda zai yi mana shafi. Aminina ya kawo hotunan da baƙi suka aiko masa, ya ce a sa sunansa da na mahaifinsa a sama, don da su aka san shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ya ce kada a rubuta abin da ba za mu iya yi ba. Daga nan ya bar mini ragamar, don shi Faransanci a baki yake jinsa, ba ya karanta shi, kuma zaman ɗaki gaban gilashi yana sa masa ciwon kai.

Shafi ya fito gwanin kyau. Na sa Ustaz ya buɗe mini shi ya fi a ƙirga, ina kallon kaina a hoto riƙe da butar shayi kamar wani babban mutum. Amma baƙo ko ɗaya bai zo ta nan ba. Ustaz ya nuna mini dalili. Ya buɗe injin neman nan da kowa ke amfani da shi, ya rubuta Assekrem da kalmar jagora, sai sunaye suka jeru, na dattijon a sama. Muka yi ta sauka, muka wuce shafi bayan shafi, babu mu. Ya ce mini injin yana da wani ɗan aike, robo suke ce masa, wanda ke yawo shafi-shafi yana karanta abin da ke ciki ya kai rahoto, da rahoton nan ake jera mutane. Na ce to ai dowan ke nan, mai duba kaya a kan iyaka. Ustaz ya yi dariya ya ce kusan haka, sai dai wannan ba ya shan shayi kuma ba ya karɓar gaisuwa. Ni dai tun daga ranar na ajiye a raina cewa dowan ne, kuma ban taɓa ganin dowan ɗin da ba a iya zagaye shi ba.

Ustaz mutum ne mai gaskiya, ya ce shi ma iliminsa a nan bai da zurfi, amma akwai wani zaure a intanet, forum suke kiransa, inda masu yin shafuka ke taruwa suna ba juna shawara kyauta. Ya rubuta musu matsalarmu ba tare da ya faɗi ko su wane ne mu ba. Kullum bayan la'asar in zo in ja kujera, shi yana karantawa yana juya mini da Larabci. Wallahi na ji daɗin wurin nan, don majalisa ce sak irin tamu ta bakin kasuwa: akwai mai sani, akwai mai surutu, akwai wanda bai zo don komai ba sai musu. Wata mata da ta ce aikinta gyara wa ƙananan otal-otal shafukansu ita ta fi kowa haƙuri da mu. Ta yi wa Ustaz tambayoyi, ta gano cewa shafinmu na farko hoto ne guda ɗaya babba, rubutun ma a cikin hoton aka zana shi, robo kuwa makaho ne a wajen hoto, harafi kawai yake gani. Ta ce kowane shafi a ba shi kansa na daban da ke faɗin abin da ke ciki, don namu duka kai ɗaya suke ɗauke da shi. Ta ce a rage nauyin hotuna saboda masu jira, a rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne, kowace hanya da muke bi a yi mata shafinta, a faɗi inda ake kwana da abin da ake ci da irin sanyin da za a tarar. Ta ce mu nemi mutanen kirki da suka san aikinmu su ambace mu a shafukansu. Sannan ta ce mu yi haƙuri, abin yana ɗaukar watanni.

Kalmar watannin nan ce ba ta yi mini daɗi ba, don lokacin baƙi ya matso. Ana cikin haka wani mai baki a zauren ya shigo ya ce duk wannan wahala ce. Ya ce a cika ƙasan shafi da kalmomin da mutane ke nema, a maimaita su da yawa, a mayar da launin rubutun fari a kan farin shafi. Mutum ba zai gani ba, robo kuwa zai karanta ya ɗauka duk duniya babu wanda ya kai mu zancen Sahara. Ya ƙara da cewa a buɗe wasu shafukan banza na kyauta masu yawa, kowanne yana nuna namu, injin ya ga kamar jama'a ce ke yabon mu. Sauran suka yi masa ca. Matar ta ce wannan tsohuwar dabara ce, an san ta, wanda aka kama ana cire shi daga jerin gaba ɗaya. Wani ya ce masa in yana son ƙona gida ya fara da nasa. Ustaz yana karantawa yana girgiza kai. Ni kuwa zuciyata ta riga ta tashi ta koma kusa da mai bakin nan ta zauna. Na gane shi sarai, ɗan kamasho ne irina. Shafukan banzan nan ai fasinjojin bogi ne da ƙullin tsummansu. Na ce a raina duk waɗannan masu ilimi tsoro ne ya yi musu yawa, ba su taɓa cika mota ba.

Na ce wa Ustaz mu yi. Ya ƙi, ya ce shafin ba nawa ba ne, sunan wani ke kai. Sai na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na tafi na yi zagaye a kasuwar Assihar, na sha shayi wurin wani ɗan Maradi mai sayar da atamfa, na dawo na ce masa na yi magana da aminina ya amince, ya ce duk abin da Kuku ya gani daidai ne. Ustaz ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to shi zai yi gyaran da matar ta faɗa, zai buɗe shafukan banzan, amma tulin kalmomin nan ba zai ɓata yatsunsa a kansu ba, in ina so in zauna in buga da kaina. Haka na zauna, Edita, da yatsa ɗaya, ina farautar haruffa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sahara, Hoggar, Assekrem, raƙumi, sannan in koma farko. Sai da na yi kwanaki a haka Ustaz ya nuna mini ashe akwai yadda ake kwafe layi a liƙa shi sau nawa ake so da maɓalli biyu. Ya ce ya bar ni ne ko gajiya za ta sa in haƙura. Ban haƙura ba. Da na samu wannan sauƙi sai na ƙara buɗe ciki. Na sa Janet, na sa Tenere, na sa Tumbutu, wuraren da tayar motarmu ba ta taɓa takawa ba. Daga nan shaiɗan ya raɗa mini cewa turis da yawa sunan mai jagora suke nema kai tsaye. Na bi motocin abokan sana'a inda suke ajiye su, na kwafo sunayen da ke jikin ƙofofinsu a bayan kwalin shayi. Na dattijon na fi maimaitawa, don shi aka fi nema. Ustaz ya mayar da tulin fari ya tura, bai karanta ba. Wa zai karanta wannan shirgi?

Abin haushin shi ne dabarar ta ci, na ɗan lokaci. Muka hau sama. Wasiƙun baƙi suka fara shigowa, Ustaz yana amsawa. Muka yi tafiya bayan tafiya. Wasu mata da miji suka sauka suna tambayar dattijon da sunansa, na tare su da murmushi na ce ai duk gida ɗaya ne, aminina yana can yana ɗaure kaya a saman mota bai ji ba. Na riƙa taku a unguwa kamar ni na ƙirƙiro intanet. Leburorin da muka yi ɗaukar bulo tare suna tambayata yaya abin yake, ina yi musu bayanin robo ina gyara zaman hula. Aminina kuwa a gaban mutane yake cewa Kukunsa ba tukunya kaɗai ya iya ba, Allah ya ba shi kai. Duk lokacin da ya faɗi haka sai in yi dariya in kawar da zancen.

Ranar da abin ya watse, na shiga siber da rana na tarar da Ustaz ya dafe kai. Babu mu. Ba wai mun sauka ƙasa ba, an shafe mu. Ko cikakken sunan aminina aka rubuta, injin sai ya nuna kamar bai taɓa jin mai wannan suna ba. A nan na tafka wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko. Na ce wa Ustaz ya koma zauren ya tambaye su, ya ba su adireshin shafin su duba mana. Ya ce in sun ga abin da ke ƙasa fa? Na ce ta yaya za su ga farin rubutu a kan farin shafi, su aljanu ne? Ashe ko yaro ya ja linzamin kwamfuta a kan wurin, duk abin da aka ɓoye sai ya fito ɓaro-ɓaro. Kafin la'asar sun kwafe shi duka sun baza a zauren. Wani ya sa wa zancen kai da sunan aminina da na mahaifinsa, ya ce ga ɗan jagorar da ke satar sunayen maƙwabtansa. Suka yi ta dariyar Tumbutu. Mai bakin da ya kawo dabarar kuwa ya ɓace. Cikin masu karanta zauren kuwa akwai ɗan dattijon, wanda ke kula da shafin mahaifinsa daga Faransa.

Tamanrasset gari ne babba, amma masu kai baƙi dutse ba su da yawa, kuma butar shayi ɗaya suke zagayawa. Aminina ya fara ganin alama ne a Assekrem, da ya je inda direbobi ke zama suna jiran baƙinsu su sauko, aka amsa sallamarsa a taƙaice, kofi ya zaga bai iso gare shi ba. Da muka dawo gari wani ya gaya masa. Aminina ya ce in zo mu je wurin Ustaz. A gabana Ustaz ya ja linzami, kalmomin suka fito, ya karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan na dattijon ya ga ba ya ƙarewa sai ya saki linzamin. Ustaz ya ce wa aminina shi bai san da sunaye ba, sauran kuwa Kuku ya ce ka amince. Na jira aminina ya juyo ya zage ni, ko ya mare ni, da na samu sauƙi. Bai ko dube ni ba. Ya ja rawaninsa sama har ƙarƙashin ido, ya ce wa Ustaz sunansa ne a sama, don haka abin da ke ƙasa ma nasa ne.

Washegari ya sayi sukari da ganyen shayi, ya ce in ɗauka mu je gidan dattijon. Muka zauna a kan tabarma a tsakar gida. Aminina ya yi magana da Tamashek, muryarsa ƙasa-ƙasa, ina tsintar kaɗan. Bai ambace ni ba ko sau ɗaya. Ya ce ya ci amanar wanda ya koya masa hanya, ya zo a yafe masa. Dattijon ya ajiye kofinsa. Sannan ya amsa da Hausa, kuma na san don ni ya yi hakan. Ya ce a wannan shekarar baƙi sun yi masa yawa har yana mayar da wasu, da an zo an gaya masa mota na zaune da ya turo su, da ya sa ɗansa ya rubuta sunan aminina a shafinsa a fili inda kowa zai gani. Ya ce ya yafe, amma bai san yadda zai hana sauran direbobi tunawa ba. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki in ce Baba, ni ne, wannan bawan Allah ko karanta abin bai iya ba. Bakin nan nawa da ya cika motoci a tasha, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya ƙi buɗuwa. Na zauna ina kallon tururuwa tana jan ƙwayar sukari. Na gaya wa kaina cewa in na yi magana zan ƙaryata aminina a gaban babbansa. Gaskiyar ita ce tsoro na ji, ni baƙo ne a garin, kuma abincina a hannun mutanen nan yake.

Matar nan ta zauren ba ta yi mana dariya ba. Ta rubuto wa Ustaz ta ce a share ɓoyayyen rubutun duka, a rufe shafukan banzan, a rubuta wa masu injin a amsa laifi ba tare da kwana-kwana ba, sannan a jira. Muka yi duka. Jiran ya fi wanda na guje wa tun farko tsawo nesa ba kusa ba. Lokacin baƙi ya zo ya wuce muna zaune. Da shafin ya dawo, can ƙasa ya dawo. Kuma abin da ya fi shafin muhimmanci bai dawo ba. A sana'ar nan in baƙi sun yi wa wani yawa yakan tura wa ɗan'uwansa, in za a yi doguwar tafiya motoci biyu ake haɗawa saboda lalacewa a daji. Aka daina kiran aminina. Ba wanda ya zage shi, an dai daina tunawa da shi. Daga baya na bi wasu direbobin ɗaya-ɗaya na gaya musu ni na yi, suka ce Kuku kana da kirki da kake son rufa wa maigidanka asiri. Gaskiyar da na ƙi faɗa a ranarta, da na kawo ta a makare ba wanda ya karɓa. Bayan wasu shekaru hanyar ma ta yi sanyi ga kowa, turis suka ragu, amma shi ya riga kowa sauka. Ya sayar da motar ya koma garinsu yana noman lambu. Ni na kafa tebur a bakin kasuwar Assihar ina sayar da shayi da ƙwai. Shafin ya mutu don ba a sabunta shi ba.

Zancen zauren kuwa bai mutu ba. Na sa an duba mini ba sau ɗaya ba. In ka rubuta sunan aminina da na mahaifinsa, abu na farko da ke fitowa, a can sama inda na yi ta haƙilon kai shi, shi ne wannan kan zance da ke kiransa ɓarawon suna. Ustaz ya roƙi masu zauren su cire, suka ce ba sa share tsohuwar tattaunawa, wasu na koyo da ita.

Shi ya sa na rubuto. Yanzu ina ganin ƴan kasuwarmu, masu shago da masu mota, kowa yana son a gan shi a sama, kuma kullum akwai mai baki da zai ce yana da gajeruwar hanya. Ban zama malami ba, amma ga abin da na biya da tsada na koya. In ka kai tambaya cikin jama'a, mutum goma suka ce maka ga hanya mai tsawo, ɗaya ya ce ga ta kusa, ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa ta ɗayan ta fi yi maka daɗi. Ni ba don ta fi gaskiya na zaɓe ta ba, don ta yi kama da halina ne. Shawarar matar nan ba ta da wani sirri: ka faɗi abin da kake yi a fili, ka rubuta shi yadda mutum da na'ura za su karanta abu ɗaya, ka nemi maƙwabtanka su shaide ka, ka jira. Duk abin da za ka rubuta a shafi wanda ba ka so mai shafin ko maƙwabcinka ya gani, kada ka rubuta shi. A tasha in motar ta tashi, ƙaryar ta tashi tare da ita, gobe ba mai tunawa. Wannan abin ba ya mantuwa. Kuma in an ba ka amanar sunan mutum, ka sani ya fi motarsa tsada, don mota ana sayen wata.

Bara na je gaishe shi a lambunsa. Ya tsufa, amma hannunsa na nan da ƙarfi. Ya karɓe ni kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya ce Kuku har yanzu kana zuba wa shorba gishiri kamar kana jin haushinta? Muka yi dariya, na gasa mana tagella, muka sha shayi a gindin dabino. Bai taɓa tayar da zancen ba duk shekarun nan, ni ma ban taɓa ba. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya inda ake jiran mota. Muna tsaye, yana kallon duwatsu, sai ya ce jikokinsa sun fara girma, an ce yanzu yara suna neman sunan kakanninsu a waya.

Ya ce, “Kuku, kai da ka san abin nan. In an rubuta sunana a ciki yanzu, me yake cewa?”

Motar ta iso, na shiga.